Wanda ya fara allurar testosteron, ya koma a auna jininsa

Ga jawabin da wani likita ya yi wa magidanta masu karatun yaƙi da jahilci. Mun buga shi don kowa ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

 

Yau maganarmu ta maza ce. Magana ce da ake jin kunyarta, amma mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Don haka ku ba ni kunnuwanku.

A jikin kowane namiji akwai wani sinadari da ake kira testosteron. Ƴaƴan maraina ne ke yin shi, jini kuma ya kai shi ko'ina cikin jiki. Shi ke sa yaro ya yi gemu, muryarsa ta buɗe. Shi ke ƙarfafa nama da ƙashi. Shi ke kawo sha'awar iyali.

Wasu maza, jikinsu ba ya yin wanda ya isa. Sai mutum ya riƙa jin kasala, sha'awa ta ragu. Amma ku lura. Yunwa, da rashin barci, da ciwon sukari, da damuwa, duk suna kawo irin wannan kasala. Shi ya sa likita ba ya ba da maganin sai ya auna jini. Ana ɗibar jinin da safe, wajen ƙarfe 7 zuwa 10, kafin a karya kumallo, domin da safe ne sinadarin ya fi yawa. Ana yin awon sau 2, a ranaku daban. In duka biyun sun nuna ƙaranci, sannan ake maganar magani. Maganin allura ne, ko kuwa wani mai da ake shafawa a fata.

To, ga abin da ya kawo ni. Mutum ya fara allura. Bayan ƴan makonni ya ji ƙarfi ya dawo. Sai ya ce ya warke, me zai kai shi asibiti a zuƙe masa jini? Nan ne kuskuren yake. Jin ƙarfi ba shaida ba ne. Akwai ɓarnar da maganin ke iya yi a ɓoye, ba ta ciwo, ba ta zazzaɓi. Awon jini kaɗai ke tona ta.

Yaushe za a koma? Bayan wata 3 zuwa 6 da fara magani. Sai kuma in an cika wata 12. Daga nan sau ɗaya kowace shekara, muddin ana kan maganin. Abu 3 ake dubawa.

Na farko, yawan testosteron kansa. Likita yana son ya ga ko abin da ake ba ka ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko ya yi daidai. A nan ranar ɗibar jini tana da muhimmanci. Allura tana kama da ruwan gulbi: bayan an yi ta sai ya cika, daga baya ya janye. In allurarka ta kowane mako 2 ce, ana ɗibar jini a tsakiya, wato mako 1 bayan an yi ta. In mai daɗewa ce, wadda ake yi bayan mako 10 zuwa 14, ana ɗiba dab da allura ta gaba. Saboda haka ka rubuta ranar kowace allura a karnenka na asibiti. Ga amfanin karatun da kuke yi.

Na biyu, kaurin jini. Wannan shi ne babba. In an zuba jini cikin siririn gilashi, na'ura ta juya shi, sai ya rabu biyu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. A namiji mai lafiya, cikin kashi 100, jan yakan kai kashi 40 zuwa 50. Testosteron yana sa ɓargo ya ƙara yin waɗannan ƙwayoyi. In sun yi yawa, jini ya yi kauri. Kun san yadda kunu mai kauri ke wuyar bin bakin buta. Haka jini mai kauri ke wuyar bin jijiya. Yana iya daskarewa ya toshe hanya, a ƙafa, ko a huhu, ko a ƙwaƙwalwa, har ɓarin jiki ya shanye. In awo ya wuce kashi 54, likita zai tsai da maganin har jini ya sauka, sannan a koma da ɗan kaɗan. Wani lokaci yakan sa a rage jinin a asibiti. Kada wani ya ce zai je wurin wanzami a yi masa ƙaho a madadin haka. Ƙaho ba ya faɗa maka inda awon ya tsaya. Shan taba yana ƙara kaurin jini. Ƙishirwa ma tana sa awon ya hau, don haka lokacin bazara ka sha ruwa sosai kafin ka je.

Na uku, prostat. Wata ƴar tsoka ce kamar goro, ƙarƙashin mafitsara, maza kaɗai ke da ita. Akwai awon jini da ake kira PSA, wanda ke nuna halin da take ciki. Wanda ya kai shekara 40 ya yi maganar wannan awo da likitansa tun kafin ya fara magani, a sake shi cikin shekarar farko. In ya hau da sauri, za a aike shi wurin likitan mafitsara. Wanda ke da kansar prostat ba a ba shi wannan magani. In fitsari ya fara yi maka wuya, kada ka jira ranar awo.

Kowane zuwa kuma, a auna hawan jini, wanda muke kira tansiyo, domin maganin yana iya ɗaga shi.

Akwai wata magana ga masu neman haihuwa. Mutane suna zato allurar tana ƙara haihuwa. Ba haka ba ne. In jiki ya ga testosteron na shigowa daga waje, sai ƴaƴan maraina su rage aiki. Ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma su ɗauke. Bayan an bar maganin sukan dawo, amma sai an yi watanni, wani har shekara ko fiye. Sau da yawa mace ake ɗora wa laifi, alhali abin daga allurar mai gida ne. In kana son ƙarin ƴaƴa, ka faɗa wa likita tun ranar farko.

Na san abin da ke ranku: nisa da kuɗi. Gaskiya ne, ba kowane awo ake yi a asibitin ƙauye ba. Wani sai an je birni, Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Ka tambayi likitanka inda za ka. Ka ware kuɗin mota da na awo tun lokacin kaka, kamar yadda kake ware iri. Kuɗin awo bai kai kuɗin jinyar wanda jikinsa ya shanye ba.

Allurar da ake saye a kasuwa ko a tasha, da sunan maganin ƙarfin maza, ku guje ta. Mai tebur ba ya auna jininka, ba ya kuma sanin sunanka gobe.

In kana kan maganin sai ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace, a kai ka asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Yanzu kowa ya ɗauki alli ya rubuta a allonsa: wata 3 zuwa 6, wata 12, sannan kowace shekara.

 Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.