Ba a yi musu jana'iza ba, ba su kuma dawo gida ba

Na gode muku da kuka baro fada da shago da kabu-kabu kuka zo. Yau 30 ga Agusta, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tunawa da mutanen da aka ɓatar. An ce in yi magana a kan waɗanda suka ɓata a ƙasarmu. Zan yi, amma mafi yawan maganata a kan waɗanda aka bari a gida ne.

Jama'a, mu Hausawa mun san yadda ake tarbar mutuwa. In mutum ya rasu a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a karɓi gaisuwa. Matarsa ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10, ta fita. A raba gado. Ƴaƴansa a kira su marayu, dangi su san akwai nauyi a kansu. Da zafi ƙwarai, amma kowa ya san matsayinsa.

To wanda ya fita bai dawo ba fa? Me za ka ce wa mahaifiyarsa in kun gamu a hanya? In ka ce Allah ya jiƙansa, ta ce ka kashe mata ɗa da bakinka. In ka ce Allah ya dawo da shi lafiya, ga shekara 6 ta wuce, kai kanka ka ji nauyin maganar. Shi ya sa maƙwabta ke fara kauce wa gidan. Ba ƙiyayya ba ce, sun rasa abin faɗa ne. A haka iyali ke rasa ɗansu, sannan su rasa masu shigo musu.

Hanya uku ce ta fi cinye mana mutane, kuma zan kawo misalin kowace da abin da duk ƙasa ta shaida.

Ta farko hamada. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace a kan hanyar Tamanraset, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu ƴan yankin Kance ne, a jihar Damagaram. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana 3. Waɗannan an ga gawarsu, an ƙirga su. Ku tuna da waɗanda iska ta rufe da rairayi kafin kowa ya biyo ta wurin. Har yau Aljeriya na zubar da mutanen da ta koro a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kusan kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka, wasu da dare, wasu ba ruwa. Wanda ya ɓace hanya a nan, babu mai bugo wa gida waya.

Ta biyu daji. A daren 2 ga Yuli na 2017 ƴan Boko Haram suka shiga ƙauyen Ngalewa a jihar Difa, suka kashe mutum 9, suka tafi da 39, mata 33 da yara maza 6. Shekara ta zagayo iyayensu na jiran labari. Da yawanmu mun san sunan Chibok, amma in na ce Ngalewa sai an yi bayani, alhali namu ne. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji kuwa ba sai an ba su labari ba. Sun san gidajen da aka sayar da gona da shanu aka kai kuɗin fansa, wani ya dawo, wani wayar ta daina shiga.

Ta uku ita ce mai nauyin faɗa, amma dole a faɗa. Tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2020, an ba da sunayen fararen hula 102 da suka ɓata a yankin Inates da Ayoru, jihar Tilaberi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta je ta bincika. A watan Satumba na wannan shekarar ta ce ta gano gawa aƙalla 71 a manyan ramuka 6, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu daga cikin jami'an tsaro da suka yi gaban kansu. Hukumar ƙasa ce ta faɗa, ba ƴan waje ba. Ko da a ce duka gawarwakin nan na cikin mutum 102 ne, saura 31. Suna ina?

Na san wani zai ce, yaro, ka manta sojojinmu da aka kashe? Ban manta ba. A Inates ɗin nan aka kashe mana soja 71 ranar 10 ga Disamba na 2019, a Cinagodar aka kashe 89 ranar 9 ga Janairu na 2020. Ƴaƴanmu ne da yayyenmu, mun yi kukansu, muna kuma yi musu addu'a. Amma uwar soja da uwar makiyayi duka wata 9 suka ɗauki ciki. Wanda ya nemi a gaya wa uwar makiyayi inda ɗanta yake bai ci amanar ƙasa ba. Sojan da ke aikinsa da gaskiya shi ma bincike zai wanke shi.

Yanzu mu shiga cikin gidan, mu ga abin da ɓata ke yi.

Matar da mijinta ya ɓata tana da aure, ba ta da miji. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya yi maganarta tun da daɗewa. Ana kiran irin wannan miji mafƙudi. Matar za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, in an rasa shi a yanka mata shekara 4, sannan ta yi idda irin ta mamaci, ta samu damar yin wani aure. In bai bar mata abin ci ba, tana iya neman a raba auren ba tare da wannan dogon jira ba. Ku lura da wani abu a nan: shekara 4 ɗin ba ta fara ƙirguwa daga ranar da ya fita. Sai an kai magana take farawa. Ke nan matar da dangin miji suka ce mata yi haƙuri, kar ki tona mana asiri, za ta iya shekara 10 a ɗaki ba a fara ƙirga mata ko kwana ɗaya ba. Ta auri miji tana da shekara 20, ƙuruciyarta ta ƙare a jira. Ranar da ta ce ta gaji, a ce ba ta da amana.

Dukiyarsa kuma, a mazhabar, ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin ba zai wuce su a raye ba, wanda malamai da yawa suka ƙiyasta da 70 daga haihuwarsa. An yi haka ne don a kare haƙƙinsa in ya dawo. Amma a ƙauye me ke faruwa? Ƙanensa ya karɓe gonar ya ce riƙo yake, riƙon ya zama mallaka. Yaran su fita daga lakwal, babban ya tafi cin rani Agadas ko Libiya neman abin da zai riƙe gida, ta hanyar da ta ci ubansa. Ba sa cikin jerin marayu in an zo rabon tallafi, domin babu takardar mutuwa.

Sannan ga masu cin kasuwa da hawayen mutane. Boka ya ce yana ganinsa a gabas, a kawo baƙin bunsuru. Wani ya bugo da baƙuwar lamba ya ce yana tsare a kurkuku a Libiya, a turo kuɗi yau. Uwa ta sayar da akuyarta ta ƙarshe ta tura, domin in ba ta tura ba, kuma ya zamana gaskiya ne fa? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun nan ake yi musu sata.

Ƴan'uwa, abin da waɗannan iyalai ke nema ba alfarma ba ce. Nijar ta sa hannu, ta kuma amince a 2015 da yarjejeniyar duniya ta kare mutane daga ɓatarwa. Yarjejeniyar ta hana tsare mutum a ɓoye, ta ce ko yaƙi ba hujja ba ne. Ta wajabta a riƙe rajistar duk wanda ke tsare. Ta ɗauki iyalin wanda aka ɓatar a matsayin waɗanda aka zalunta su ma, masu haƙƙin sanin gaskiya. Ta ce ko ƴan bindiga ne suka ɗauke mutum, hukuma ta bincika. Ta kuma ce a daidaita matsayin iyali ta fuskar aure da dukiya da tallafi. Gwamnati na canzawa, amma sa hannun da sunan Nijar aka yi shi.

To mu me za mu yi? Abu huɗu nake roƙo, duka ba su fi ƙarfinmu ba.

Na ɗaya, mu rubuta. Kowace fada a nan ta san unguwarta gida-gida. A samu littafi, da yardar iyalin, a rubuta cikakken suna, shekaru, ranar da aka yi masa ganin ƙarshe, inda ya nufa, wa ya gan shi, da lambar da ya bugo da ita. A ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa in akwai. Abin da ya sa ake iya maganar Inates yau shi ne wasu sun zauna sun jera sunaye 102. Maƙwabtanmu na Najeriya har yau suna tambayar ina Dadiyata, malamin jami'ar da aka ɗauke a gidansa a Kaduna a watan Agusta na 2019, domin ba su bari sunan ya faɗi ƙasa ba.

Na biyu, mu raka iyali komisariya ko jandarmari tun kwanakin farko, a kai ƙara, a karɓi shaida a rubuce. Tsohuwa ita kaɗai, ba Faransanci, tana jin tsoron ƙofar. In ɗayanmu ya tsaya kusa da ita, za ta shiga. Wanda ya ɓata a hanyar tafiya kuma a sanar da Croix-Rouge, suna da sashen neman dangi, a sanar da Alarme Phone Sahara da ke Agadas.

Na uku, malamaina, da girmamawa nake roƙonku: ku karantar da hukuncin mafƙudi a masallatai da makarantun matan aure. Yana nan a cikin Risala. Mata da yawa ba su san addini ya ba su mafita ba.

Na huɗu, mu kiyaye yatsunmu. Kar mu tura hoton gawa a WhatsApp muna cewa wane ne ba tare da tabbaci ba, kar mu yaɗa cewa ai ya shiga ƴan ta'adda ne. Jita-jita irin wannan kan sa dangi su daina nema don kunya.

Wanda kuma ya san gidan da ake jira a layinsu, ya shiga ya gaishe su a wannan makon. In ka rasa abin faɗa, tambayi sunansa, ka ce a ba ka labarinsa. Za ka ga yadda suka daɗe suna jiran mai tambaya.

Allah ya bayyana waɗanda ke raye, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu sanin gaskiya.