Mai Saniya Nono Yake Sayarwa: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Ni dai goro na sani, ba littafi ba. Dalilin tsayuwata a gabanku shi ne, kwanakin baya wani malamin Islamiyyarmu ta nan Sabo ya rubuta littafin tsarki da salla na yara, ya ce in raka shi wani kamfanin ɗab'i a cikin garin nan na Ibadan, tun da ciniki za a yi.

Manaja ya ce zaɓi biyu ne. Ko a biya Malam kuɗi a dunƙule, littafi ya zama na kamfani, ko a riƙa ba shi kashi 10 cikin 100 na abin da aka sayar. To, ga mai gida ya matsa wa Malam da kuɗin haya, sai na ga ya jawo biro. Na taka masa ƙafa, na ce, "Allah gafarta Malam, ai mai saniya nono yake sayarwa."

Muka zaɓi kason. Na yi wa manaja tambaya huɗu. Kashi 10 ɗin nan na farashin sari ne ko na kanti? Kwafi nawa za a buga? Yaushe za a riƙa zaman lissafi? In littafi ya ƙare suka ƙi sake bugawa, na wane ne? Ya kafe a kan farashin sari, muka bar masa. Shi kuma ya yarda da lissafi duk wata shida, littafi ya dawo hannun Malam in an daina bugawa. Malam ya ƙara sharaɗinsa: kada a buga sai ya duba wasullan ayoyi da idonsa.

Jama'a, littafi gado ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare haƙƙin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ga Magana Jari Ce ana ta karantawa. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, rubuta bashi da kafa shaidu take umarta. Saboda haka duk mai rubutu a cikinmu, kada ya sa hannu sai an karanta masa takarda ya gane, kuma ya tafi da wanda ya san ciniki.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.