Ƙarfe Da Sikeli: Wa Ke Cin Gasar Ɗaga Nauyi?

Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda suka jure wa ƙuruciyarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da zuwa.

Kwamitin shirye-shirye ya ce in yi magana a kan wasanni, ya kuma bar mini zaɓi. Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa suke jira, to amma wannan kowa a ɗakin nan malami ne a kanta, har da waɗanda ba su taɓa tashi daga benci ba a gasar gidaje. Saboda haka na ɗauko wasan ɗaga nauyi, wanda samari ke kira ɗaga ƙarfe. Mutane sukan ce babu wasan da ya kai shi gaskiya, domin ƙarfe bai san ɗan sarki ba: ko ka ɗaga, ko ka kasa. Ni kuwa ina ganin maganar ba ta tsaya nan ba, kuma lambobi biyu da Nijeriya ta samu a wannan wasa a gasar Olamfik su ne shaidata.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Ɗauka iri biyu ce. Ta farko fizga, wato a ɗauki ƙarfen daga ƙasa a kai shi bisa kai a tashi ɗaya. Ta biyu saɓa-da-turawa: a fara ɗora shi a kafaɗa, a miƙe tsaye, sannan a tura shi sama. Kowace iri sau uku ake ba mutum dama, a haɗa mafi nauyin wannan da mafi nauyin waccan, jimlar ita ce makinsa. Sandar kanta kilo 20 ce ta maza, 15 ta mata. Alƙalai uku ne, kowa da fitila fara da ja, in biyu suka kunna fara an karɓa. Ana raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyin jikinsu, kuma sa'a biyu kafin a fara kowa sai ya hau sikeli. Nauyin da ke kan sanda gaba yake yi, ba ya komawa baya. Wanda ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa tun farko ya kasa sau uku, to ba shi da maki ko ɗaya, sai ya tattara kayansa.

Mutumin da na fi so ku sani a wannan fage shi ne Na'im Sulaimanoglu, wato Na'im ɗan Sulaiman. An haife shi a 1967 a Bulgeriya, cikin tsirarun Turkawa na ƙasar. Tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Da a makarantar nan yake, da layin 'yan aji ɗaya za a tura shi ranar asambuli. Ya taso a hannun Ivan Abadjiev, mai horarwar da ya shahara da sa yaransa ɗaukar nauyi mai tsanani sau da yawa a yini, kusan kowace rana. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin gurguzu ta Bulgeriya ta tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu, aka wayi gari Na'im ya zama Naum Shalamanov a takarda. Ku duba wannan al'amari: mutum yana ɗaga tutar ƙasa a duniya, ƙasar kuwa ta hana shi sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. A watan Disamba na 1986, da aka je gasa birnin Melbon na Ostireliya, sai ya sulale ya ɓuya, daga can aka kai shi Landan, Firayim Minista Turgut Ozal ya aiko da jirgi aka wuce da shi Turkiyya. Dokar Olamfik ta ce wanda ya sauya ƙasa sai ya jira shekara uku, sai fa in tsohuwar ƙasarsa ta yarda. Turkiyya ta biya Bulgeriya fiye da dala miliyan ɗaya kafin ta sake shi.

Kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. A Olamfik na 1988 a Koriya ta Kudu, a ajin kilo 60, Na'im ya fizgi kilo 152.5, ya saɓa ya tura kilo 190, jimla 342.5. Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan wannan ɗan tsurut ya ɗaga abin da ya kusa buhu huɗu bisa kansa, fiye da nauyin jikinsa sau uku. Na biyu a ranar, Stefan Topurov, tsohon abokin horonsa ne daga Bulgeriya, kuma kilo 30 ya bar masa a tsakani. Kai, jimlarsa ta wuce ta wanda ya ci zinariya a ajin da ke gaba da nasa, na kilo 67.5. Ya sake cin zinariya a Basilona a 1992.

Amma in ana son ganin inda lissafi ya shigo, sai a duba Atlanta, 1996. A nan ya haɗu da Valerios Leonidis na Girka. An gama fizga Na'im yana da 147.5, Leonidis 145. A zagaye na biyu Na'im ya ɗaga 185, abin da ba a taɓa yi ba a ajin. Leonidis bai bi shi a nan ba, ya nemi 187.5, ya kuma ɗaga. Yanzu dama ɗaya ta rage wa Na'im. Ya nemi 187.5 ɗin, bai ƙara ko rabin kilo don burga ba, ya ɗaga. Wannan ya tilasta wa Leonidis neman 190, ƙarfen ya ƙi. Na'im 335, Leonidis 332.5. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan, shi zai gaya muku cewa rabin wannan yaƙi a kan takardar masu horarwa aka yi shi. Shekara huɗu bayan haka, a Sidni, wannan gwarzo ya nemi 145 a fizgar farko, ya kasa sau uku, ya fita babu maki. Ya rasu a Istambul a watan Nuwamba na 2017 yana da shekara 50, kuma Leonidis ya taso daga Girka ya halarci jana'izarsa.

Akwai ma lissafi na aljihu. Vasily Alekseyev na Tarayyar Sobiyet ya kafa sabon tarihi har sau 80 tsakanin 1970 da 1977. Sau da yawa rabin kilo kawai yake ƙarawa a kan na baya, domin kowane sabon tarihi da ladansa daga gwamnati. Ba zan ga laifinsa ba, akwai 'yan kasuwa a cikinmu.

To, mu dawo gida. A Sidni ne a 2000 aka fara barin mata su shiga wannan wasa a Olamfik. A ajin kilo 75 mata uku suka tashi da jimla iri ɗaya, kilo 245: Maria Isabel Urrutia ta Kolambiya, da Ruth Ogbeifo ta Nijeriya, da Kuo Yi-hang ta Taiwan. Dokar lokacin ta ce in an yi kunnen doki, wanda ya fi rashin nauyin jiki shi ya ci. Aka koma ga abin da sikeli ya nuna kafin wasa, 'yar Kolambiya ta ɗauki zinariya, wadda ita ce ta farko a tarihin ƙasarta, Ruth ta sami azurfa. Babu wadda ta fi ta ɗauka a ranar. Sikeli ne ya raba gardama, ba ƙarfe ba. An soke wannan doka a 2017, yanzu wanda ya riga kai wa jimlar shi ke gaba, amma sokewar ba ta komawa baya ta gyara wa kowa.

Lamba ta biyu labarinta ya fi ciwo. A Bejin a 2008, a ajin mata mafiya nauyi, Mariam Usman ta zo ta biyar. Ta dawo gida hannu rabbana, kamar yadda na biyar ke dawowa. Sai dai hukumar Olamfik takan adana fitsarin 'yan wasa cikin sanyi shekara da shekaru. A 2016 aka sake auna na Bejin da sababbin na'urori, aka sami ƙwayoyin ƙara ƙarfi a na 'yar Yukiren da ta zo ta biyu da 'yar Kazakistan da ta zo ta uku. Aka ƙwace lambobinsu, Ele Opeloge ta tsibirin Samowa ta koma azurfa, Mariam ta koma tagulla. An yi adalci, babu musu. Amma shekara takwas ta wuce. Hawa mumbari a gaban duniya, da tarbar filin jirgi, da duk wata ƙofa da irin wannan lamba kan buɗe wa matashiya a lokacin da take ganiyarta, waɗannan ba a aiko su ta gidan waya.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya ga mutum biyu. A Landan a 2012, a ajin maza na kilo 94, shida daga cikin bakwai na farko an soke sakamakonsu daga baya. Ɗan Iran da ya zo na biyar ya zama mai zinariya, ɗan Folan da ya zo na tara ya zama mai tagulla. Tun a 1988 ma Bulgeriya ta janye 'yan wasanta daga gasar bayan an kama biyu masu zinariya. Mu ma ba mu tsira ba: a gasar ƙasashen rainon Ingila ta 2014 a Gilasgo an ƙwace zinariya daga hannun wata yarinyarmu 'yar shekara 16. Ni dai ban yarda yarinya mai wannan shekaru ita kaɗai ta san hanyar kantin magani ba. A 2020 binciken lauya Richard McLaren ya gano cewa a zamanin shugabancin Tamas Ajan hukumar wasan ta duniya ta danne sakamakon gwaji kimanin 40, kuma fiye da dala miliyan 10 ba a san inda suka shiga ba. Hukumar Olamfik ta hukunta wasan ta hanyar rage gurabe: mutum 260 a Riyo a 2016, 196 a Tokiyo, 120 kacal a Faris a 2024. Sai a watan Oktoba na 2023 aka tabbatar za a bar shi cikin gasar 2028.

Wannan ne ya sa nake kallon manyan alƙaluma da ido biyu. Lasha Talakhadze na Jojiya ya fizgi 225, ya tura 267, jimla 492, a Tashkent a 2021. Buhun siminti biyar da ɗoriya bisa kai! Ya ci zinariyar Olamfik sau uku a jere. Amma shi ma an taɓa dakatar da shi shekara biyu a 2013. Ban ce abin da ya yi daga baya ba halal ba ne, an auna shi ya wuce. Na ce dai wajibi ne a faɗi duka biyun tare. Wadda nake ba da labarinta da sakin zuciya ita ce Hidilyn Diaz ta Filifin, wadda annobar korona ta tsare a Maleshiya, har ta riƙa horo da gora da jarkokin ruwa, sannan ta je Tokiyo a 2021 ta tura kilo 127 a damarta ta ƙarshe, ta kawo wa ƙasarta zinariyar Olamfik ta farko.

Gorar nan da jarkoki ba baƙin abu ba ne gare mu. A unguwanninmu samari suna zuba siminti a gwangwanin fenti su soka bututu su yi ta ɗagawa, kuma a cikinsu akwai masu jiki da zuciyar da wasan ke bukata. Abin da ke damuna shi ne allurai da ƙwayoyin gina jiki sun riga mai horarwa isa gare su, kuma illarsu ga hanta da zuciya sananniya ce. Akwai likitoci da masu harhaɗa magunguna a wannan ƙungiya. Ina roƙon kwamiti, in an tashi shirya ziyarar makaranta ta gaba, a ba ɗaya daga cikinsu rabin sa'a da ɗaliban manyan azuzuwa a kan wannan batu, a kuma gayyato malamin wasanni ya zauna.

Na ga shugaban taro ya duba agogo sau biyu, kuma ƙamshin abinci ya fara shigowa ta taga.