Ina Fim Yake Kafin Ya Sauka a Wayarka?

Yau a kan saukewa za mu tsaya, wato abin da ke faruwa idan ka latsa wa'azi ko fim ko takardar makaranta ka ce ta sauko cikin wayarka.

Abin nan dai yana ajiye ne a wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke aiki dare da rana, ƙila a Turai ko Amurka, ƙila a Legas. Da ka latsa, sai wayarka ta aika saƙo: ga adireshina, a turo mini kwafi. Kwafi fa na ce, na asalin yana nan inda yake.

To, ba a dunƙule ake turo shi ba. Yayyanka shi ake yi ƙulli-ƙulli, kowanne bai cika wuce bayit 1,500 ba, a buga masa lamba da adireshi. Kamar mai albasa ne ya loda buhuna daga Galmi zuwa Kano a motoci daban-daban, wata ta riga wata isa. Wayar ita ke jera su bisa lamba, wanda ya ɓace a hanya a sake turo shi. Fim mai megabayit 300 ya kai ƙulli wajen 200,000.

Yawancin doguwar tafiyar ta cikin wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku ake yin ta. Nijar da Chadi ba su da gaɓar teku, sai ta maƙwabta suke haɗuwa da su. Shi ya sa a watan Maris na 2024, da wasu wayoyin suka katse a tekun Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu.

Ga inda ake ruɗewa. Da megabit ake auna saurin intanet, girman fayil kuma da megabayit, bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Saboda haka mai saurin megabit 8 a daƙiƙa, fim ɗin can sai ya yi minti 5, in hanya ba cunkoso.

Sai batun aljihu, wanda a ganina shi ya fi damun jama'a. Idan abu ya kai kashi 90 cikin 100 ya yanke, datar da ta shigo ta riga ta tafi. Kada ka yi saurin gogewa. Duba ko akwai wurin ci gaba, domin sau da yawa ana iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Kallon bidiyo kai tsaye ma saukewa ne, sai dai ba ya zama, gobe in ka maimaita ka sake biya. A WhatsApp kuma ka shiga saiti ka kashe saukewar da yake yi da kansa. In kuwa maƙwabcinka ya riga ya sauke, ku tura ta Bluetooth ko Xender, wannan ba ya cin data.