Bikin Littafi: Darasi Daga Garin Hanibal



A ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari a bakin kogin Misisifi, sunansa Hanibal. Can marubuci Mark Twain ya tashi, garin kuma ya siffanta cikin littafinsa na Tom Sawyer a 1876. Tun shekarun 1950 mutanensa ke bikin wannan littafi a farkon kowane watan Yuli. Yara su yi gasar shafa wa shinge farin fenti, kamar yadda labarin ya kawo, baƙi su cika gari.

To, mu fa? A Kagara aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911, mai Magana Jari Ce. Cikin jikokinmu na Kaduna da Abuja, nawa suka san akun nan da ya tsare Musa ɗan Sarki da labarai? Abin takaici, da yawa sun fara jin sunan garinmu ne a 2021, ranar da aka sace ɗalibai.

Ina roƙon ƙungiya ta ware rana guda cikin hutun Disamba, 'yan firamare su yi gasar karanta littafin a ƙofar fada. Kowane reshe ya sayo kwafi ashirin.