Bayan an watse buki: zaman amarya da ango cikin shekara ta fari

(Jawabin da wani mushen lakwal na garinmu ya yi gaban taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, don waɗanda ke nesa su samu su karanta.)



Shugaban ƙungiya, mai gari, liman, iyayenmu maza da mata, da ku ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, da Maradi, da Damagaram, da Tawa, ina gaishe ku da gajiyar hanya. Ina roƙon dattawa gafara, don maganar da anka ba ni ta cikin gida ce, kuma ga waɗanda sunka haife ni zaune. Yaro ba shi koya ma babba zaman aure. Amma aikina ya sa ina riƙe da ɗiyan garinga tun daga CI har CM2, kuma ina ganin inda suke faɗawa bayan sun bar hannuna. Abin da idona ke gani shi za ni faɗi.

Kowace shekara, in an kai hatsi rumbu ko in azumi ya matso, sai a shiga ɗaurin aure. Wajen wanga ƙungiyarmu ba ta da kasala. Ana tara gudummawa, ana aiko goro da dabino, ana ɗaukar mota. Kwana 7 gida cike da mutane. Rana ta 8 baƙi sun koma, an maida tabarmi da tukwanen aro, lalle ya fara kodewa. Daga ranar nan ba mai sake tambayar ƙaƙa yarinyar ta kwana, sai in an ji suna ko an ji saki.

Mu duba yininta. Ƴan kwanakin farko ana lallashinta, ana kawo mata tuwo har ɗaki. Da ta kama girki an gama. Kiran assalatu ta tashi. A fiddo mata dami daga rumbu, ta sussuka, ta shiƙa, ta surfa, ta wanke. In akwai ƴan kuɗɗin injin niƙa ta aika yaro, in babu ta koma ga turmi. Ta dunƙula, ta dafa, ta kirɓa, ta dama fura kafin hantsi ya wuce, don masu aiki na jira. Tsakanin wanga da wancan ga rijiya ko layin famfo, ga itace ko kara, ga wanke-wanke. La'asar ta yi, a koma ga tuwon dare. Gidan ubanta ma ta yi aikin nan, gaskiya ne, amma can su uku ne ko huɗu bisa turmi guda, suna yi suna dariya, in ta gaji ta ce ma uwarta ta gaji. Nan kuwa ita ce ƙarama, ita ce baƙuwa, kuma uwar miji ta daɗe tana jiran ranar da za ta aje taɓarya. Ban ga laifin tsohuwa ba. Ita ma haka anka yi mata, kuma ƙugunta ya gaji.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Kunya ado ce, ba ni cikin masu son a yar da ita. Amarya ba ta kiran sunan mijinta, ba ta ɗaga kai gaban uban miji, ba ta cin abinci gaban surukai. Madalla. To amma ku lura da inda abin ke kaiwa. Ita ta dafa, ita ta raba, ita ce ta ƙarshen ci, cikin ɗaki, abin da ya saura. In bai ishe ta ba, wa za ta gaya ma? In sabulunta ya ƙare, ko kanta na ciwo tun shekaranjiya, bakinta ba shi iya buɗewa gaban uwar miji. Mutanen gida kuwa su ce, “Yarinyar nan akwai haƙuri, ba ta taɓa cewa komi ba.” Iyayenmu mata, kun san abin da nike nufi fiye da ni. Wadda kunya ta rufe ma baki, sai an bi ta ɗaki an tambaye ta.

Kuma yarinya ce ƙwarai. Binciken da gwamnati ta yi a 2012 ya nuna cikin mata 100 na ƙasarmu, 76 an yi masu aure ba su cika shekara 18 ba. A jihar Maradi 89 ne cikin 100. Ba yau za mu yi gardamar shekarun aure ba, wannan tana son taronta daban. Na faɗi lissafin ne don mu tuna wa muke ɗora ma wanga kaya.

Yanzu ga ku, ƴan uwana ƴan ci-rani. Ango ya sha bashi wajen sadaki da lefe da gyaran ɗaki, wani ya saida rago, wani ya saida moto. Wata guda, wata biyu, sai shi ɗauki jikka shi nufi tasha. Wani Kano ko Ikko, wani Kwatano ko Abija, wani Agadas, wani har Libiya ko Aljeriya. Tun da zinariya ta fito Jado a 2014, arewa ta ƙara janye samari. Ba mai cewa ku zauna. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, kuma hatsin gida da yawa ba shi kai su bazara. Amma wanda ya tafi ya bar yarinyar da ko halinshi ba ta gama sani ba, cikin mutanen da ba ta saba da su ba. Mutum guda da ke iya shiga tsakaninta da su, shi ne ya hau mota.

In ya samu ɗan abu ya aiko ta Nita ko Al Izza, da sunan wa shike aikowa? Da sunan baba ko na yaya. Haka ladabi ya ce, kuma hatsin gida duka daga nan shike fitowa. Sai dai kuɗɗin na shiga tukunyar gandu, ita kuwa ko dala ba ta gani. Liman na nan, shi gyara mani in na karkace: ci da tufafi da wurin kwana na mace bisa wuyan mijinta suke, ko shina gari ko ba shi gari. Malamai kuma suna ba da labarin Sayyidina Umaru ya iyakance watannin da mayaƙi za shi yi nesa da iyalinshi. In jihadi bai zama hujjar daɗewa marar iyaka ba, ban ga yadda tallar shayi a Agege za ta zama ba.

Na san shekarun nan sun yi wuya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufe ta har Maris 2024, kuma cikin waɗannan shekaru biyu naira ta faɗi ƙwarai. Wanda ya yi wata shida shina tara naira, ya zo canji ya ga abin da ya koma cikin sefa, ya san zafin. Ba yawa nike roƙo ba. Ko jikka 2 ce, ka ce ma baba a fili: wagga ta ɗakina ce. Baba ba za shi ƙi ba. Abin da ke kawo rigima shi ne a ba ta a ɓoye, uwar miji ta ji daga bakin wani.

Ga kuma salula. Amare da yawa ba su da tasu. In mijin ya kira, ta salular ƙanenshi ce, tsakar gida, kowa na saurare. Mi za ta ce? “Lafiya lau. Suna lafiya. Ba komi.” Shi kuma shi kashe shi ce ma abokanshi gida lafiya. Wasu sun ƙi saya ma matansu don tsoron kada ta riƙa magana da wani. Wanda ya yarda ya bar mace shekara guda ita kaɗai, amma bai yarda shi bar ta da salula ba, ni dai lissafinshi ya fi ƙarfina.

Bari in zo ga ƙawaye, don nan ne ake yawan yi ma amarya rashin adalci. Jiya-jiya tare suke zuwa rijiya, tare suke talla, tare suke dandali. Su sunka zauna da ita cikin lalle, su sunka raka ta. Bayan buki kuwa, in sun zo sau biyu sau uku, sai a fara tsaki: ƴan matan nan za su ɓata ta, su ke cinye mata gara. Sannu-sannu su ɗauke ƙafa. Ita ba ta fita dandali kuma, don ta zama matar aure. Manyan matan gida kuwa ba su ɗauke ta tsararsu ba, in suna zance ta shigo sai su yi shiru. Faccala, in Allah ya sa ta gari ce, ita ce ke zama mata uwa da ƙawa. In ba ta gari ba ce, yarinyar ta rasa kowa. Akwai wadda na koya ma karatu, tana cikin na gaban aji, bakinta ba shi rufuwa don surutu. Wata biyar bayan aurenta ta wuce bakin lakwal da tulu, ƙawayenta na cikin fili suna kiranta, ko waiwaye ba ta yi ba. Ba girman kai ba ne. An gaya mata matar aure ba ta tsayawa hanya.

Ni ra'ayina, a bar ƙawaye su zo da rana, gaban kowa. Wadda ba ta da kirki za a gane ta. Kuma a bar amarya ta je buki da suna da gaisuwar mutuwa tare da matan gida, don nan mace ke kafa mutanenta. Abin da anka kawo ma uwarta ranar bukinta bashi ne, kowa ya sani, kuma ita ma lokacinta na biya da na karɓa na zuwa. Da mi za ta biya in ba ta da abin hannunta? Iyayenmu mata sun samu gamana, suna noma gujiya da wake da kuɓewa, su sayi akuya. Yau wajen Madarumfa da Jiratawa ƙasa ta yi ƙaranci har amare da yawa ba su samun ko taki guda, kuma abin na matsowa gare mu. In ba gona, a ba ta jari kaɗan, ta yi ƙuli-ƙuli ko ta kiwata tunkiya. Asusun Mata Masu Dubara, da ya faro nan jihar Maradi a 1991, ya nuna abin da zubin mako-mako ke iya yi. Amma in kun duba masu zama bisa tabarmar asusu, yawancinsu manyan mata ne. Amare na ɗaka. Shugabar mata, ina roƙo a duba wanga.

Shi ma ango da bai tafi ba shina da tashi damuwa, sai dai ba a faɗinta. Abokanshi na fada suna jiranshi. In ya yi sallar isha'i ya nufi gida, sai ba'a ta tashi: mijin-ta-ce, an shanye shi. Don gudun wannan suna sai shi zauna bisa benci har tsakar dare, shi ne ma mai sayen shayi da sukari tunda shi ne ango. Cikin gida kuma kunyar iyaye ta hana shi zama ɗakin matarshi da rana. To yaushe za su san juna? Ban ce a watse fada ba, ni ma ina da tawa, kuma abokan nan su ne sunka yi mashi gayya, sunka taya shi yaɓen ɗaki. Amma babban abokin ango, wanda ya sayi bakin amarya ranar buki, aikinshi bai ƙare ranar nan ba. A da shi ne ke jin kukan amarya, shi kai ma ango, shi sasanta su tun magana ba ta kai ga manya ba. In ango ya yi tafiya, shi ke leƙowa shi gaida gida. Yau sau da yawa motar da ta ɗauki ango ita ke ɗaukar abokin.

Sai ciki ya zo. Cikin fari abin kunya ne gare mu, yarinya ta ɓoye shi har zane shi kasa rufewa. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, amma amarya ba ta iya cewa a kai ta likita, kuma mai ba ta izini shina Tamanrasat. Wata sai an maida ta gidansu goyon ciki kafin a fara awo, alhali watannin da sunka fi son kulawa sun wuce, tana daka tana ɗaukar tulu, jininta ya ragu. A Damagaram an buɗe makarantun mazaje a 2008 don irin wagga matsala, maza na zama su tattauna lafiyar matansu. Mu ko ba mu da irinta, kowane mai tafiya na iya barin magana gaban ubanshi da uwarshi: in ta ji ciwo, ko lokacin awo ya yi, a kai ta, kada a jira ni.

Wadda aure ya iske tana lakwal kuma, ku sani akwai dokar da gwamnati ta sa ma hannu a Disamba 2017 don kare karatun ɗiya mace. Ni da abokan aikina ba mu kore kowa ba don ta yi aure. Benci na nan. Abin da ke hana ta dawowa turmi ne da maganar mutane.

In duk waɗannan sun taru, ƙarshensu kun san shi. Wata safiya a iske ɗaki wayam, ta yi yaji. A aika biko, ubanta shi ce sai mijin ya zo da kanshi, mijin kuwa shina bayan hamada. Damina ta wuce, magana ta yi tsami, a aiko takarda ko a yi saki ta WhatsApp. Yarinya ta zama bazawara ba ta kai shekara 18 ba, wata da goyo. Bashin bukin ma ba a gama biya ba, gidaje biyu da ke gaisawa tun kakanni sun daina.

Shugaba, ga abin da nike roƙo a sa cikin littafin taro, jama'a su duba. Duk auren da ƙungiya ta ba gudummawa, a rubuta shi wurin mai gari ko a meri cikin lokaci, tunda ba a biyan komi, kuma a taimaki amaryar ta samu katin shaida don a iya aiko mata da sunanta. A zaɓi dattijuwa biyu, waɗanda ba dangin miji ba kuma ba dangin mata ba, su riƙa shiga ɗakin kowace amarya sau guda a wata har ta cika shekara. Ku kuma wakilanmu na Yamai da Kano da Agadas, kun san wanda ya yi aure bana cikin yaran da ke kwana wurinku. In damina ta matso ba shi da kuɗɗin mota, asusun ƙungiya shi ranta mashi, shi biya bayan kaka. Ma'aji ya ce mani za shi karanta abin da ke cikin asusun in na zauna, sai mu ga ko zai ɗauka.