Daga Rukunin Matasa Zuwa Na Manya: Abin da Tarihin Laura Dahlmeier Ya Nuna



Wasan da zan yi magana a kansa, biyatalon, ba namu ba ne, domin sai inda dusar ƙanƙara ke sauka ake yinsa. Ɗan wasa yana tseren zamiya a kan ƙanƙara da bindiga mai nauyin aƙalla kilo 3.5 a bayansa, ya tsaya ya harbi da'ira biyar daga nisan mita 50, wani lokaci a kwance, wani lokaci a tsaye. Faɗin da'irar milimita 45 ne ga mai kwance, 115 ga mai tsaye. Duk harbin da ya kuskure, sai ya ƙara zagayen mita 150, ko a ɗora masa minti guda, gwargwadon irin tseren. Abin da nake son in kafa a yau shi ne: lambar zinariya a rukunin matasa ba ta tsallakar da kowa zuwa rukunin manya. Tsari ne ke yin wannan aiki, tsarin da ke jarraba matashi da wuri, sannan ya yi haƙuri da shi.

An haifi Laura Dahlmeier a 1993 a Garmisch-Partenkirchen, kudancin Jamus. A farkon 2013 ta ci zinariya uku a gasar duniya ta matasa a Obertilliach, ƙasar Ostiriya. Nan take aka kira ta gasar duniya ta manya a Nove Mesto, Jamhuriyar Cek, tana da shekara 19. To, ku lura da inda aka sa ta. Ba a jefa ta cikin dukkan tsere ba, an ba ta gurbi ɗaya a tseren karɓa-karɓa na mata huɗu. Ta harba ba kuskure, ta miƙa wa abokiyarta Jamus na kan gaba, duk da cewa ƙungiyar ba ta samu lamba ba a ƙarshe. Masu horarwa sun riga sun san tana da ƙafa. Abin da ba su sani ba, kuma gasar matasa ba za ta gaya musu ba, shi ne yadda hannunta zai kasance idan zuciya na dukan uku-uku, dubban 'yan kallo na ihu, ga nauyin mutum uku a wuyanta. Wannan ne suka auna.

Bayan haka sai jira. A gasar Olamfik ta Sochi a 2014 ta dawo hannu rabbana. Nasararta ta farko ita kaɗai a gasar Kofin Duniya sai a Fabrairun 2015, shekara biyu bayan zinariyar Obertilliach. A ƙasar da ake yanke wa ɗan wasa hukunci da sakamakon wata uku, da tuni an ce kurarta ta yi kuka ta kwanta. Jamus ba ta yi haka ba, kuma akwai dalili na abin duniya: manyan 'yan wasan hunturu a can ma'aikatan soja ne, ko 'yan sanda, ko kwastan, albashinsu na tafiya ko sun ci ko ba su ci ba. A lokacin Dahlmeier ma'aikaciyar kwastan ce. A 2017 a gasar duniya ta Hochfilzen ta kwashe zinariya biyar da azurfa ɗaya, ta kuma lashe kakar Kofin Duniya gaba ɗaya. A 2018 a gasar Olamfik ta Pyeongchang, Koriya ta Kudu, ta ci zinariya biyu da tagulla.

Wani zai ce ai wannan baiwa ce kawai, ya kawo misalin Magdalena Neuner, 'yar yanki ɗaya da ita, wadda ta ci zinariya uku a gasar duniya ta manya a Antholz a 2007 tana kan cika shekara 20, ba tare da wani dogon jira ba. Gaskiya ne, amma misalin yana ƙara wa hujjata ƙarfi. Kowa ya san raunin Neuner a harbin tsaye; ta sha zubar da tseren da ke hannunta a nan. Da kurakuranta aka duba, da an mayar da ita ƙasa. Aka bar ta tana kuskure a gaban duniya har ta gyara, ta ci zinariya biyu a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Ita ma, a lokacin, kwastan ke biyanta.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Neuner ta yi ritaya a 2012, Dahlmeier a 2019, kowacce tana da shekara 25, a wasan da wasu ke kaiwa talatin da ɗoriya suna ci. Ashe tsarin bai cinye su da wuri ba? Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a nan ba, domin a Jamus miliyoyi ke kallon wannan wasa a talabijin, kuma yarinyar da ta ci da wuri ba ta sake samun sukuni. Sai dai dukansu sun tafi da ƙafarsu ne, suna kan ganiyarsu, ba kora aka yi musu ba, ba kuma rashin abinci ya fitar da su ba. Dahlmeier ta koma hawan duwatsu, abin da take so tun tana ƙarama, kuma a can ta rasu a Yulin 2025, a dutsen Laila na Pakistan.

Saboda haka, ku da ke da hannu a horar da matasa, ko a wane fage ne, idan aka kawo muku zakaran gasar yara, ku fara tambayar wa zai riƙe shi a shekara biyun da ba zai ci komai ba.